Matasa da Sharar Katsina: Muhawarar da Ta Kaure a Zauren Unguwa

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Ruwan daren jiya bai daɗe ba, amma kwatar layinmu ta tumbatsa, ledar fiya wata da robobin lemo suna iyo har bakin zaure. Ga matasa birjik suna zaman kashe wando. A ba su baro da shebur da safar hannu mana, kowane gida ya riƙa ba da wani abu duk mako. Gari ya tsabtatu, su ma su samu na kansu.

Mai Digiri: Yaya, su wa ke zaman kashe wando? Mun yi karatu, mun yi bautar ƙasa, mun yi yawo da takardu har takalmi ya suɗe. Rashin aiki daban, ƙin aiki daban. Ka janye kalmar nan.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ba da kai nake ba, ƙanena.

Mai Digiri: Da wa kake to? Mu ne dai a majalisar.

Maman Biyu: Ai Ɗan Ƙofar Marusa bai yi ƙarya ba. Ɗan jari bola tun asuba yake fita da buhu, ya tsinto ƙarfe da gwangwani da roba, ya kai a ɗora a sikeli a biya shi. Wa ya ba shi takardar ɗaukar aiki?

Mai Shago: Hajiya, kar ma ki kawo zancen 'yan jari bola. An cire mini murfin kwata na ƙarfe har da tukunyar tsakar gida.

Maman Biyu: Ka gan su da idonka, Alhaji? Ka ji tsoron Allah, cikinsu akwai masu ciyar da iyaye.

Baba na Daura: Yara, ba ku ga zamani ba. Lokacin mulkin soja na Buhari, da aka kawo yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, wa ya isa ya watsa shara a titi? Kafin nan ma duba-gari har randa yake leƙawa. Mu nan Daura har yau mun fi ku tsabta.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Haba Baba, da girmanka! Daura duka nawa take? Yawan jama'ar Babbar Kasuwa kaɗai ka duba.

Baba na Daura: Yawa ba hujja ba ne. Tarbiyya ce.

Malamar Makaranta: Don Allah mu koma kan magana. Ruwanda ta hana leda tun 2008, kuma Asabar ɗin ƙarshen kowane wata kowa ke fitowa aikin gayya. Mu ma ga hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA, a je a ji yadda za a haɗa hannu da ita.

Mai Digiri: Malama, sai ya janye "kashe wando" tukuna.

Mai Shago: Kuma mata ne ke ba yara bokitin shara su juye a kwata in an fara ruwa.

Maman Biyu: In maigida ya ajiye duro a ƙofar gida, wa zai kai kwata?

Mai Kula da Zaure: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda an ci zarafin matasa, kuma ba su da laifin komai. Ni ma ƙannena biyu suna gida da takardunsu. Ya kamata Ɗan Ƙofar Marusa ya ba su haƙuri. Batun baro da shebur kuma sai wani lokaci, na rufe.