Laftop mai katin girafik biyu, in saya ko in haƙura?

Sadiq Kurna: Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema kafin kuɗina su bar hannuna. Wani mai shago ne ya nuna min Lenovo Y510p tokumbo, ya ce katin girafik biyu ne a cikinta GT 755M, ɗaya a jikin bod ɗaya kuma a ramin da ake sa faifan DVD, wai kowanne 2GB ne in an haɗa ya zama 4GB kuma ƙarfi ninki biyu. Ni dai gem nake so, GTA V da ƙwallo, sai ɗan editin. Cajar da zai haɗa min 120W ce. Akwai wata mai GTX 1650 guda ɗaya amma ta fi tsada, sai na ƙara tari kamar wata biyu. Ya kuka gani?

Injiniya Bash: Wa'alaikassalam ƙanina. Maganar 4GB ɗin nan ba haka take ba. Abin da ake kira SLI kenan, katunan biyu karɓa-karɓa suke yi, wannan ya zana hoto ɗaya wancan ya zana na gaba, to dole kowanne ya riƙe kwafin komai a memorinsa, don haka 2GB ɗinka tana nan a 2GB. Ninki biyun ma sai a gem ɗin da aka yi masa tsarin SLI a direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, kuma ko a nan ba ya cika biyu, in babu tsarin kuwa kati ɗaya ne zai yi ta aiki ɗayan yana zaune yana shan wuta. Sannan Nvidia, kamfanin da ke yin katunan, da kanta ta daina fitar da sababbin tsarin SLI tun Janairun 2021, katunan laftop irin su 755M kuwa direbansu na ƙarshe 425.31 ne na 2019. Na'urar 2013 ce fa.

Ɗan Hajiya: Hhh kati biyu a zafin watan Afrilu? Wlh fankar nan sai ka ɗauka injin markaɗe aka tayar a ɗakin. Batir kuma kar ma ka sa shi a lissafi, ana ɗauke wuta gem ya tashi.

Ummi Tech: To ni tawa ma ai biyu take nuna min, Intel da Nvidia, kenan SLI nake da shi ban sani ba?

Injiniya Bash: A'a Malama Ummi, taki daban ce, ana ce masa Optimus. Na Intel yana riƙe ƙananan ayyuka don batir ya daɗe, in kin buɗe gem sai na Nvidia ya karɓa, ba haɗa ƙarfi suke ba.

Mubarak GTA: Gaskiya kar a kushe ta gaba ɗaya, na riƙe laftop mai kati biyu shekaru kuma GTA V yana cikin gem ɗin da ke amfana da SLI sosai, bambancin a fili yake in ka kunna na biyun. Abin da ya dame ni shi ne wata 'yar sarƙewa, lambar fps, wato yawan hotuna a daƙiƙa ɗaya, tana sama amma idonka yana ganin hoton yana ɗan tsinkewa, musamman in kana gudu da mota cikin gari. Amma Sadiq batun caja fa, mai kati biyu da 170W take zuwa, wannan 120W ɗin ta mai kati ɗaya ce, ba za ta ɗauki nauyin duka biyun ba in gem ya yi zafi. In har ka nace sai ita to ya nemo maka cajarta ta asali, a buɗe a share ƙura a canza man sanyaya, kuma ka zauna a shagon ka buga gem na rabin awa ka taɓa jikinta ka ji.

Sadiq Kurna: Kai na gode wlh, ashe saura kaɗan. To ƙwallon fa, shi ma ba zai ga kati na biyun ba?

Injiniya Bash: Sababbin kar ka sa rai. A DirectX 12, manhajar da sababbin gem da yawa ke aiki da ita, masu gem ɗin ne za su rubuta tsarin kati biyu da hannunsu, kuma kaɗan ne suka damu su yi. Ita 1650 ɗin 4GB ɗinta na gaske ne, ita kaɗai ta wuce 755M biyu nesa ba kusa ba. Ka yi haƙurin wata biyun, ranar da za ka je ka yi min magana in raka ka mu duba ta tare.