Zigbee: me ya sa na'urorin nesa ke ɓacewa, batir kuma ke saurin ƙarewa?

Mai_Kaji:
Assalamu alaikum. Na'urorin auna zafi 12 ne na Zigbee (tsarin da ƙananan na'urori ke aika wa juna saƙo ta rediyo) a gidan kaji mai tsawon mita 60, duk da batir CR2032. Kodineta (babbar na'urar da ke tattara saƙonninsu) na ofis, sai soket mai Zigbee guda ɗaya a tsakiya. Na nesa suna yawan ɓacewa, batirinsu kuma ba ya daɗewa. Ba an ce kowace tana miƙa saƙon 'yar'uwarta ba?

Ɗan_Lantarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba kowace ba. Mai batir barci take yi, ta farka ta aika ta koma, ba ta miƙa saƙon kowa. Rauta ce ke miƙawa, wato na'urar da ke jone da wuta kullum irin soket ɗinka, domin kunnenta a buɗe yake dare da rana. Guntun rediyon Zigbee irin CC2530 yana cin kusan miliamfa 24 idan yana sauraro, CR2032 kuwa kusan miliamfa-awa 220 yake ɗauka, ka ga awa 9 ke nan ya mutu. Soket ɗaya ya yi kaɗan. Ka sa rauta duk bayan mita 10 zuwa 15, kowace ta riƙa jin aƙalla biyu, don idan ɗaya ta faɗi a samu wata hanyar. Ka fara haɗa rautocin daga kusa da kodineta, sannan ka sake haɗa kowace na'ura a inda za ta zauna.

Injiniya_Binta:
Ni ɗauke wuta na fi zargi a kan batirin. Kowace mai batir tana da uwa, wato rautar da ke ajiye mata saƙo. Da an ɗauke wuta uwar ta mutu, sai ta shiga lalube tasha bayan tasha tana neman wata, rediyonta a kunne. Wannan laluben ne ke shanye batir, ba aika zafi ba. Ƙara rauta a layin wutar gari ba zai magance wannan ba, tare za su mutu. A ɗora su da kodineta a kan inbata, ko a samu rauta mai USB a jona ta da batirin sola.

Ɗan_Lantarki:
Gaskiya ne, Hajiya. A duba tasha ma. Zigbee da Wi-Fi duk a 2.4 GHz suke, a zaɓa wa Zigbee tasha 15, 20 ko 25 don rage karo da Wi-Fi. Kodineta kuma a nisanta shi daga ramin USB 3.0 da waya mai mita 1, kada a liƙa rauta a jikin kwanon rufi.