Me za mu kira "park" da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Asambiliman ɗinmu, wato wakilin unguwarmu a majalisar yanki, ya kawo min sanarwa in juya ta Hausa, za a karanta a lasifikar masallaci bayan Juma'a: majalisar yanki na neman ra'ayin mutane kan "park" da za a yi mana a unguwa. Kalmar nan guda ta tsaya min a wuya. A nan Kumasi in ka ce faki, yaro ƙwallo zai ɗauko, direba kuma tasha zai nufa. Alhali takardar bishiyoyi take nufi, da bencina, da lilon yara.

Na rubuta "fili", na soke. Kowa ya san ƙarshen fili a zango: yau kwantena ɗaya, gobe mai wankin mota, jibi an sauke bulo. A taimaka.

Wani malami daga Aboabo: Ɗan'uwa, sa lambu. Garin nan ai da bishiyoyi ya yi suna, har ana masa kirari da birnin lambu.

Wata Hajiya daga Asawase: Allah gafarta Malam, lambu wurin latas ne da kabeji. Ka faɗi haka a lasifika, masu bokitin ban ruwa za su riga kowa zuwa. Kuma kada wanda ya ce min filin wasa. Da zarar an kira shi haka, ciyawar roba za a shimfiɗa a kafa raga biyu, samari su mamaye daga asuba har isha'i. Ni da jikokina ina za mu zauna?

Wani matashi: Hajiya, gidajen rediyo "wurin shaƙatawa" suke cewa.

Ni: Haka ne, amma otal ma wurin shaƙatawa ne, har da inda ba a faɗa gaban manya. Ya yi faɗi.

Hajiyar: Ɗana, kun manta dandali? Kakarmu da ta zo daga Kano ta sha ba mu labari. Nan 'yan mata ke gaɗa da farin wata, masu talla na gefe, tsofaffi na kan tabarma. Ba mai shi, ba mai karɓar kuɗin ƙofa.

Malamin: To Rattray Park fa, na unguwar Nhyiaeso, da majalisar birni ta buɗe a 2015? Akwai katanga, akwai tikiti, ga ruwan nan mai rawa da fitilu. Wannan ba dandali ba ne.

Ni: Malam ya yi gaskiya, abu biyu ne Turanci ya cusa a buhu ɗaya. (Shi kansa Rattray ɗin, Baturen da aka sa wa wurin sunansa, ya ji Hausa, har ya buga tatsuniyoyinmu a 1913, amma wannan kalma bai bar mana ita ba.) Ga inda na tsaya: irin na Nhyiaeso, mai shinge da kuɗin shiga, lambun shaƙatawa. Na unguwa, wanda za ka ratsa da silifas a hanyar kasuwa, dandali. Na san yara yanzu in sun ji dandali Facebook suke tunawa, shi ya sa na ƙara masa jela: dandalin shan iska.

Ni, bayan Juma'a: An karanta. Ba wanda ya tambayi ma'ana. Wani dattijo dai ya tare ni a bakin takalma, ya ce in tambayar masa majalisa ko dandalin da famfon alwala.