Kantar kicin: wane dutse ne zai jure manja da ƙurar hunturu?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu gina kicin. Gininmu na Kinkinau ya zo gangara, an gama filasta da tayil, saura kanta. Maigida ya ce kicin nawa ne, in zaɓi abin da raina yake so. Birkila ya riga ya zuba kankare, faɗinsa santimita 60, dutse kawai za a ɗora a kai.

Na je wajen masu sayar da dutse, aka nuna mini granait da mabul da wani da suke ce wa kwatz. Idona ya tsaya a kan wani granait baƙi wuluk mai ɗigo-ɗigon ruwan zinare, Black Galaxy, wai daga Indiya ake kawo shi. Ina cikin murna na gama zaɓe, sai mai shagon ya ce wace fuska nake so: mai sheƙi, ko marar sheƙi, ko mai ɗan kaushi kamar jemammiyar fata. Nan kaina ya ɗaure.

Ga yadda kicin ɗina yake. Girkin manja nake yi sosai, ga tuwo kusan kullum da dare. Da azumi kunun tsamiya da zoɓo ba sa yankewa. Ina murza fulawa in yi cincin na saida. Tagar kuma tana kallon titin da ba a sa wa kwalta ba. Ba na son dutsen da zan riƙa lallaɓawa, ina son wanda zan yi aiki a kansa hankalina kwance. Don Allah wanne zan ɗauka?

Hajiyar Unguwan Rimi:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Mabul dai ki cire shi daga lissafi tun yanzu. A kicin ɗin 'yata aka sa fari tas, gwanin kyau. Yaro ya yanka lemun tsami ya kife ɓarin a kai, da aka ɗaga sai ga zagaye ya dushe, har yau yana nan, sabulu bai fitar da shi ba. Ke da kike jiƙa tsamiya ai ba ki ga ta zama ba.

Baƙin da kika gani shi ne a nawa kicin, mai sheƙi. Ƙarfi kam yana da shi, manja bai taɓa kama shi ba. Amma daga Nuwamba har Fabrairu tsumma ba ya barin hannuna. Ki goge da safe, kafin azahar za ki iya rubuta sunanki a kai da yatsa. Ruwan bohol ma in ya bushe sai ya bar farin tabo a gefen famfo. Tunda tagarki na kallon titin ƙasa, ni da ruwan toka ko ruwan ƙasa mai yayyafin launi zan ba ki shawara, shi yana ɓoye ƙura.

Mai Yankan Dutse:

Maman Biyu, wannan sana'ata ce, bari in ɗan yi bayani. Abin da ya sami mabul ɗin can ba datti ba ne, tsamin ne ya ci fuskar dutsen, domin asalin mabul dutsen farar ƙasa ne. A ma'aunin taurin duwatsu mabul yana wajen 3, granait kuwa 6 zuwa 7, shi ya sa wuƙa ke karce mabul amma granait shi ke dakushe wuƙa. Kwatz kuma haɗi ne na masana'anta, garin dutse ne kusan kashi 90 cikin ɗari aka cuɗa da gam. Ba ya shan mai, amma ki sauke tukunyar tuwo daga wuta ki dire a kai, gam ɗin zai iya ƙonewa ya bar rawayan tabo da ba ya gyaruwa. Don irin girkinki granait ne.

Maganar fuska kuwa, gogewar da ake yi wa dutse har ya yi sheƙi tana rage masa ƙananan ƙofofin da yake shan ruwa da mai ta cikinsu. Marar sheƙi ƙofofinsa sun fi buɗewa, don haka ya fi saurin shan manja, in baƙi ne kuma ko yatsa mai maiƙo aka ɗora sai ya nuna. Launi ma yana da tasa rawar: granait mai haske sosai galibi ya fi baƙi shan ruwa.

Kada ki tsaya a kan maganata ko ta mai shago. Ki ce su ba ki guntaye daga ainihin dutsen da za a yanka miki. Ki je gida ki ɗiga wa kowanne ruwa, ki bar shi minti 15. In wurin ya yi duhu, dutsen yana sha, sai an shafa masa maganin toshe ƙofofi da muke ce wa sila. Sannan ki ɗiga manja da zoɓo da ruwan tsamiya, ki bari su kwana. In baƙi ne, ki jiƙa farin ƙyalle da abin goge jan farce ki murza, don akwai wanda ake rinawa ya ƙara baƙi.

Tunda kankare ne a ƙasa, kaurin santimita 2 ya isa. Mai 3 sai in a kan kabad ɗin katako za a ɗora.

Amaryar Barnawa:

Anti, ni fa mai kaushin nan na sa kuma ban yi nadama ba. Shatin yatsa da tabon ruwa duk ba sa nunawa, da hunturu ma da sauƙi.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amarya, naki ya burge ni, sai dai na karɓo guntunsa na murza ƙullin fulawa a kai, ya shige cikin 'yan ramukan, sai da na sa buroshi. Ga mai cincin ba zai yi ba.

Malam, na yi gwajin da ka ce da guntaye. Marar sheƙin mai haske ya sha manja, da safe na goge amma inuwarsa na nan. Baƙin bai sha komai ba, amma na ajiye shi bakin taga, zuwa la'asar na ga abin da Hajiya take faɗa da idona. Ruwan tokan mai sheƙi ruwa ya ɗan yi masa duhu kaɗan, tsamiya da zoɓo ba su yi masa komai ba, ƙura kuma sai na shafa da hannu na san tana nan. Shi zan ɗauka, a shafa masa sila. Saura abu ɗaya: kwanon wanke-wanke a saman dutsen za a ɗora shi ko a manna ta ƙasa?

Mai Yankan Dutse:

Na ƙasa ya fi daɗin shara, ki turo ruwa da ɓawon albasa kai tsaye su faɗa ciki, amma sai an goge bakin ramin da kyau an kuma tallafe kwanon, kada a bar shi rataye da gam kaɗai. Ki ce kusurwoyin ramin a zagaye su, nan ne tsagewa ke farawa, kuma siririn dutsen da ke gaban kwanon kada yara su hau kai. Turmi ya tsaya a ƙasa.

Roƙona ɗaya, Hajiya: kada ki bari a yanka dutsen a bushe a cikin gidan. Ƙurarsa tana lalata huhu, har ƙasar Ostareliya ta haramta kwatz ɗin masana'anta a 2024 saboda ma'aikatan da ya kwantar. A yanka da ruwa a waje, yaran aikin su rufe hanci. Silar kuma duk shekara ki maimaita gwajin ruwan nan, in ya yi duhu ki sa a sake shafawa. Wanki da sabulun wanke-wanke da ruwa ya wadatar.