Gona Ɗaya Ta Kamu, An Rufe wa Ƙasa Guda Ƙofa: Kariya ko Makirci?

Mai Kwantena: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na faɗi abin da ke ci mini rai, wanda zai ji haushi ya ji. A watan Mayun 2025 aka samu murar tsuntsaye a gonar kaji ɗaya a garin Montenegro, kudancin Brazil. Gona ɗaya tak! Nan take Sin da Tarayyar Turai suka dakatar da sayen kaji daga ƙasar baki ɗaya, ƙasar da ta fi kowace fitar da naman kaji a duniya. Kwantena mai sanyi ba ta san jira ba: kullum tana shan wuta, tashar ruwa na lissafa maka kuɗin kwana, mai jirgi na lissafa nasa. Manomin da ke can wani ɓangaren ƙasar, laifin me ya yi? Wallahi makirci ne, ana fakewa da guzuma ana harbin karsana.

Likitar Dabbobi: Wa alaikumus salam. Alhaji, asarar da ka ambata gaskiya ce, amma ka janye "makirci". A 2001 ciwon baki da kofato ya shiga Birtaniya, sai da aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Ƙasar da ta ga wannan, ka ce kada ta rufe ƙofa in ta ji labarin cuta?

Mai Kwantena: Dakta, ban janye ba.

Ɗan Auta: Yaya, makirci ai sai an zauna an ƙulla. Su wa suka zauna? A wane ɗaki?

Mai Kwantena: Ƙanena, ba sai an shiga ɗaki ba. In masu kiwon kaji na ƙasar da ke saye suna kukan kayan waje sun karya musu kasuwa, sai ga cuta ta ɓulla, sai ga takunkumi ya daɗe bayan cutar ta lafa, me za ka kira shi?

Ɗan Auta: Son kai. Son kai daban, makirci daban.

Hajiya Mai Lissafi: Ni da "zalunci" ya ce da na bi bayansa. Ku dubi Somaliya. A 2000 zazzaɓin Rift Valley, cutar dabbobi da ke kama mutane, ya ɓarke a Saudiyya, ya kashe mutane, sai Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga ƙasashen kusurwar gabashin Afirka. Ba a ɗage wa Somaliya ba sai 2009. Shekara 9 makiyayi na kiwon tumakin da babbar kasuwarsu ta rufe, tashar Berbera da ta dogara da lodin dabbobi tana ji a jikinta. Wace cuta ce ke buƙatar shekara 9?

Likitar Dabbobi: Hajiya, ba cutar ake jira ba, shaida ake jira. Mai saye yana son ya ga wurin killace dabbobi, da gwajin jini, da takardar lafiya daga hukumar da ya amince da ita. Somaliya a lokacin ba ta da tsayayyiyar gwamnatin tsakiya da za ta sa wannan hannu. Akwai kuma tsarin da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta tanada: a ware yankin da ya kamu, sauran ƙasa ta ci gaba da ciniki. A batun Brazil ɗin ma, Japan iya yankin ta rufe wa ƙofa.

Mai Kwantena: Alhamdu lillahi, kin faɗa da bakinki! In Japan ta iya, me ya hana sauran?

Likitar Dabbobi: Yarjejeniyar da kowace ƙasa ta sa wa hannu tun kafin cutar ta zo. Ba kowa ya amince da tsarin yanki ba.

Mai Kwantena: Ƙin amincewar shi ne makircin.

Ɗan Auta: To yanzu ƙin sa hannu ma ya zama makirci?

Tsohon Matuƙi: 'Ya'yana, kuna ta faɗa kan kalma, kun manta da mutanen da ke cikin jirgin. A 2020 ma'aikatan jiragen ruwa kusan 400,000 korona ta tsare a teku, kwangilarsu ta ƙare, babu tashar da za ta bar su su sauka. A 2021 aka taƙaita aiki a tashar Yantian ta birnin Shenzhen a Sin, jirage suka yi layi makonni. A watan Agustan shekarar, ma'aikaci ɗaya ya kamu da korona a tashar Ningbo ta Sin, aka rufe sashenta na Meishan kusan mako 2. Kwantenar da ta maƙale a can ita ce manomi ke jira ya loda amfaninsa a wata nahiyar. Wannan ba wanda ya ƙulla shi.

Hajiya Mai Lissafi: Baba, ba wanda ya ƙulla, amma akwai waɗanda suka kwashi garaɓasa. Kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 ya haura dala 10,000 a watan Satumbar 2021. Kamfanonin jirage ba su taɓa ganin riba irin ta lokacin ba.

Tsohon Matuƙi: Hajiya, kamfani daban, mai aikin cikin jirgi daban. Kada ki haɗa mu.

Hajiya Mai Lissafi: Ban haɗa ba, Baba, kai ne ka ji abin ya taɓa ka.

Ɗan Auta: Ai jirgin nan Ever Given da ya toshe mashigin Suwez ne ya jawo tsadar.

Tsohon Matuƙi: Yaro, wannan kwana 6 ya yi a watan Maris na 2021, kuma tun kafinsa kuɗin dako ke hawa. Ba ruwansa da cuta.

Ɗan Auta: Baba, don Allah a daina ce mini yaro a gaban mutane.

Tsohon Matuƙi: Na girmi mahaifinka, in ban ce maka yaro ba in ce me?

Likitar Dabbobi: A koma kan magana. In misalin da ya fi ciwo kuke nema, ga jirgin Karim Allah. Ya tashi daga Cartagena ta Sifaniya a watan Disambar 2020 da maruƙa kusan 900. Turkiyya ta ƙi karɓa bisa zargin suna ɗauke da cutar dabbobi ta shuɗin harshe. Sama da wata 2 dabbobin na yawo a teku, daga ƙarshe suka koma inda suka fito aka hallaka su. Saɓanin takardu ne ya jawo, kuma abin da nake nufi ke nan: a gyara shaida.

Mai Kwantena: Zargi! Kun ji? Ko tabbaci babu.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: kowa ya yarda manomi da ɗan kasuwa ne ke ɗaukar asara, kuma rufe wa ƙasa guda ƙofa saboda gona ɗaya ya wuce iyaka. Misalin Somaliya da na Japan sun gaskata Alhaji. Dakta ta yi ƙoƙari, amma ita ma ta amince ana hukunci da zargi. Mu da muke harkar fitar da kaya mun san abin da ke ƙasa. Saura zaɓin kalma, wannan ƙaramin abu ne.

Likitar Dabbobi: Ranka ya daɗe, ban amince da hakan ba, kuma ka tsallake dabbobi miliyan 6 na Birtaniya. A gyara wannan kafin a rufe.