Me zan nuna wa 'yan biyuna a kan gidajen dabbobi?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. 'Yan biyuna shekararsu 5, an ba su aikin gida a kan inda dabbobi ke kwana. Littafin nasu duk dabbobin ƙasar ƙanƙara ne, har da wata mai kama da gafiya wai tana datse rafi da itace. Suka ce min mene ne sunanta da Hausa, na yi tsuru-tsuru. A cikin birnin Kano muke, ba gona ba daji. Daga ina zan fara?

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ajiye littafin tukuna. Duba bayan ƙofa, ko lungun taga, ko ƙarƙashin silin ɗin zaure, da wuya ki rasa gidan zanzaro. Da shi nake fara wa 'yan ajina duk shekara. Ki zaunar da su nesa kaɗan su ga yadda yake zuwa da ɗan curin laka, ya manna, ya tafi, ya dawo da wani. In ya gama ɗaki sai ya kawo tsutsa ko gizo-gizo da ya harba ya sumar, ya cusa, ya yi ƙwai, ya toshe. Ɗan in ya ƙyanƙyashe ya tarar da abincinsa a ajiye. Daga nan ki kwaɓa musu laka ki ce su gina irinsa. Ba za su iya ba, nan daɗin yake.

Baban Abba: Malama, mu muna yara cewa muke tsutsar ce ke rikiɗa ta zama zanzaro. Ashe abincin ɗansa ce. Amma a bambance wa yara zanzaro da rina don Allah. Nawa ya tsokani gidan rina da kara, kwana biyu idonsa a kumbure.

Malamar Firamare: Allah sarki, Allah ya kiyaye gaba. Na laka na zanzaro ne, bai cika faɗa ba. Mai kama da takarda da ke reto da ramuka a fili, wannan na rina ne, daga nesa ake gaisawa.

Anti daga Kaduna: Ni dai gidan zu na kai nawa. Tunda kina Kano, ga na Audu Bako nan kan titin Zoo Road.

Kawu daga Gashuwa: Hajiya, gidan zu yana da kyau don ganin dabba, amma keji ba gidanta ba ne, mutum ne ya ƙera. Yaro zai dawo yana cewa zaki a cikin ƙarfe yake kwana. In damina ta faɗi, a nemi bishiyar da kabare ya mamaye, ko a gefen gari akwai su, hayaniyarsu ma za ta kai ki. Namijin ne masaƙi. Yakan tsago ganyen ciyawa dogo, ya fara ɗaura zobe a reshe, ya tsaya a kan zoben yana saƙa har sheƙar ta rufe, ƙofa tana kallon ƙasa. Sai ya rataye a ƙasanta yana kaɗa fukafukai yana kiran mace. Ta zo ta leƙa, in ba ta yi mata ba ta yi gaba, shi kuma ya warware ya sake sabuwa. Irin waɗanda suka faɗo ƙasa za ki tsinta ki kai musu gida, su juya ta, su nemi inda aka fara saƙar.

Maman 'Yan Biyu: Kawu wato har tsuntsaye ma sai an je ganin ɗaki kafin a tare 😂

Kawu daga Gashuwa: Sosai kuwa ɗiyata. Bari in ƙara miki da na wajenmu. A fadamun Haɗeja zuwa Nguru, in ruwa ya janye, gaiwa takan nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta ya bushe ya zama kamar jaka, ta bar 'yar kafa ta shan iska, don tana da huhu. Haka za ta zauna duk rani ba ci ba sha, jikinta take ci, har ruwa ya dawo. Jikokina sun ƙaryata ni sai da aka haƙo ɗaya a gabansu daga busasshiyar ƙasa.

Malam na Islamiyya: Masha Allah. Ku haɗa musu da abin da suke haddacewa. A Suratun Nahli aya ta 68 an ambaci ƙudan zuma da gidajensa a duwatsu da bishiyoyi da abin da mutane ke ɗaukakawa. A Suratun Namli aya ta 18 tururuwa ce ke cewa 'yan'uwanta su shige gidajensu. Gidan gizo-gizo kuma yana Ankabut aya ta 41. Ki sayi zuma da saƙarta wurin masu amya, su ƙirga kusurwoyin rami ɗaya. 6 za su samu, kowane rami.

Baba Manomi: Kowa ya manta da suri. In kun je ƙauye hutu, a ɓantare ɗan gefe da yamma, a sa alama, a dawo da safe. Za a tarar gara ta liƙe wurin da ɗanyar ƙasa, launinta ma daban. Sarauniyarsu tana can ƙasa a ɗakinta, ƙwai kawai take zubawa. Sai dai sharaɗi: babba ne zai ɓantara, da fartanya, yara suna baya da takalmi. Tsohon suri da gara ta bari masaukin maciji ne. Kuma a hana su zura hannu a kowane rami, na gafiya ne ko na kurege, ba ka san wanda ya gaje shi ba. Ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba.

Anti daga Kaduna: Baba ka sa na fasa. Ni kam a waya zan nuna musu.

Malamar Firamare: Anti, wayar ma tana da ranarta. Cilakowa misali, da wuya yaro ya gani da idonsa: macen ke shiga kogon bishiya a liƙe ƙofar da laka, a bar 'yar tsaga, namiji yana miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Wannan a nema a YouTube. Amma wanda ke bangon ɗaki me ya kai shi waya? Abu ɗaya nake roƙo, kar a bari su ɗauko sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya. Wani ɗalibina ya kawo min 'ya'yan kurciya biyu a aljihu don ya burge ni, kafin tashi ɗaya ya mutu, yaron ya fi kowa kuka.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu na leƙa bayan ƙofar kicin, ga gidan zanzaro har uku, biyu a toshe, ɗaya da huji. Jiya-jiya nake shirin kankare su. Malama, mai hujin nan ɗan ya fita ke nan, ko ba a gama ginin ba?

Malamar Firamare: Taɓa bakin hujin ki ji. In laka ce ɗanya, maginin yana hanya. In ya bushe ƙamas kuma kwana biyu ba mai zuwa, ɗan ya tashi, ki ɓamɓaro shi a hankali da cokali ki ba su su leƙa ciki.