Masu sana'a na Damagaram, ya kuke yi yaranku su kawo sabuwar dabara?

Mai butik, Kasuwar Dole:
Salamu alaikum jama'a. Yarana na shago ba su da matsalar amana, amma komi ka ce sai "to maigida", ko kiliyan ya zo ya tambayi abin da babu ba za su faɗa min ba sai in ji a bakin maƙwabci. Kasuwa kuma ta canza, kowa kaya iri ɗaya yake ɗaukowa daga Kano. Wanda ya gwada wani abu ya yi aiki a wurinshi don Allah ya ba mu.

Tela a Zango:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ranar Juma'a bayan masallaci ba na ba aparanti aikin kiliyan, sai in zube musu ƙyallayen da suka rage in ce ga keke nan kowa ya ɗinka abin da ranshi ke so. Yawanci shirme ne wlh, amma wani ƙaramin cikinsu ya haɗa guntayen shadda da atamfa ya yi jakar lekol, yanzu duk Oktoba in yara za su koma lekol ita ke riƙe mu, lokacin da ɗinki ya yi sanyi. Sharaɗina ɗaya, wanda ya ƙirƙiro abu yana da kasonshi a duk wadda aka sayar. Tun da sauran suka ga kuɗi na shiga aljihunshi ba na roƙon kowa ya yi tunani.

Hajiya mai zoɓo da ƙanƙara, Sabon Gari:
Ni wahala ce ta koya min sauraron yara. Kun tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulki, firigo ya zama akwati, zoɓo ya yi ta tsami ina zubarwa ga ruwan ma saye nake wurin 'yan garuwa, har na ce zan tsaya. Yarinyar da ke ɗaura min leda ce ta ce Hajiya me zai hana mu sayar da shi busasshe, mu daka citta da kanumfari mu haɗa da zoɓon a ƙulla, mace ta jiƙa abinta a gida. Da dariya na yi. Na ce to a gwada na jaka biyu, in ya ɓaci ba zan yi kuka ba. Ribar shi na riƙa zubawa adashi har na sayi fano na hasken rana da batir. Yanzu duk wadda ta zo da shawara ina ware mata ɗan abin da zan iya jure asararshi, kuma in bai yi ba ba na yi mata gori gaban 'yan uwanta, don gorin nan shi ke rufe bakin yaro.

Makaniki, hanyar Tanut:
Hajiya ki yi haƙuri, naku da sauƙi. Zoɓo in ya lalace jaka biyu ce, ni yaro ya gwada dabararshi a injin mutum sai in sayar da babur ɗina in biya. Akwai mataccen inji da na aje a lungun garaji, can suke kwancewa su ɗaura, in abu ya yi sai in duba da kaina kafin ya taɓa motar kowa. Kuma a faɗi gaskiya, ka buɗe wa yaro ido gobe ya kafa rumfa a gabanka ya kwashe maka kiliyan, wannan fa?

Baduku, Birni:
Mu namu daga masu saye ya zo. Iyayenmu Turawa 'yan yawon buɗe ido suke yi wa aiki, su kuma sun daina zuwa, muka zauna da fata mai kyau jimar bagaruwa babu mai tambaya. Sai na fara rubuta duk abin da mutum ya nema na ce babu. Ɗaliban jami'ar André Salifou jakar kwamfuta suke so, 'yan kabu-kabu gidan saka wayar hannu mai igiya, mata kuma ƙaramar jaka mai zif. Guda ɗaya tak nake yi in sa hoto a status na WhatsApp, in an yi magana in yanka fata, in shiru an wuce wurin. Alhaji ka aje kaye, wato littafin rubutu, a kan kanta, ka ce duk yaron da ya ce wa kiliyan babu sai ya rubuta mene ne.

Kwantabul (mai lissafin kuɗi), tsohon ɗalibi:
A lekol an koya mana Toyota tun 1951 suke karɓar shawarar ma'aikata, har ƙaramin lebura yana iya jan igiya ya tsayar da layin haɗa mota in ya ga matsala. Inda nake aiki an kwaikwaya, aka kafa akwatin shawara, ƙura kawai ya tara. Rabin ma'aikatan ba sa rubutu, sauran kuma kunya, wa zai gyara wa babba magana? Amma ka je fada, wurin hirar samari, da dare ka ji yadda yaran nan ke warware matsalar kamfanin kaf a kan shayi. Da patoron ya fara zama shan shayi da su ya kuma ce a turo mishi vokal kai tsaye, nan ne aka ji cewa direbobi na ƙona esansi a banza don ana aika mota biyu Mirya rana ɗaya.

Tela a Zango:
Malam makaniki, wanda zai tafi zai tafi ko ka rufe mishi ido. Biyu daga cikin nawa sun buɗe nasu, in aikin salla ya yi min yawa su nake tura wa.

Mai butik, Kasuwar Dole:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kayen nan zan fara da shi ranar Alhamis tunda ranar kasuwa ce mutanen ƙauye na shigowa. Malam tela, kason nan da kake ba yaro, daga riba kake cirewa ko daga kuɗin sayarwa?